Karfasar da Muka Zuba a Tafkin Duwatsu

A shekarata ta biyu a Dubai na fara bin wani dattijo zuwa fatsa. Mutumin Yawuri ne, ɗan gidan masunta, tare muke ɗaurin kayan 'yan kasuwa a wani sito a Ras Al Khor. Baba nake ce masa. Ran hutu mukan kama hanyar Hatta, mu ajiye mota, mu taka cikin duwatsu har wani ɗan tafki da ba kowa ya san da shi ba. Ruwan garau yake, har tsakuwar ƙasa ana gani. Kifayen cikinsa ba su kai yatsa ba, in ka tsoma ƙafa sai su taru suna tsattsakurarta.

Baba ya raina su. Wata Asabar sai ga shi da kula cike da 'ya'yan karfasa, daga gonar kifin wani abokinsa.

Na ce, "Baba, anya an yarda da wannan?"

Ya ce, "Kama min nan kawai, ɗana."

Na kama, ya tuntsurar da su cikin tafkin.

Kafin shekara ta zagayo muna cika bokiti. Amma ruwan ya fara yin kore, yana wani irin ƙarni. Wata rana na tsoma ƙafa, na daɗe ina jira, ba abin da ya taɓa ni. Na gaya wa Baba, ya ci gaba da ɗaura ƙugiya.

Bayan wani ruwan sama mai ƙarfi muka koma, muka tarar da mutane huɗu cikin kayan aiki suna jan taru. An tara karfasa a bakin ruwa, ƙudaje sun rufe su. Babbansu, wani Balarabe mai furfura, ya dubi sandunan fatsarmu ya ce kwana uku ke nan suna neman ƙananan kifayen nan, ko ɗaya ba su samu ba, kuma ambaliya ta kwashi karfasar ta kai tafkunan da ke ƙasa.

"Kun san wanda ya zuba su?"

Baba ya girgiza kai. Ni ma na girgiza. Mutumin ya karɓi katunanmu na shaida, ya ɗauki hotonsu da waya, ya miƙo mana. "Khalas, ku tafi."

Muka koma masaukinmu a Al Warsan. A makon nan Baba ya kyautar da sandunansa, da bizarsa ta ƙare kuma bai sabunta ba, ya koma gida. Ni ina nan. Ba wanda ya neme ni har yau, amma in baƙuwar lamba ta kira, sai na daɗe ina kallon wayar kafin in ɗaga.