Kiɗan Turawa a Gayyar Surukina

Ranar gayyar huɗa a gonar surukina a Zango, mai gangar noma bai zo ba. Ni uban iyayi na jona waya da sifika, na sako kiɗan wasu Turawa, jita da ganguna zalla, ba waƙa.

Kiɗan nan ba ya zama wuri ɗaya. An ɗaga garma ya lafa, an dafa ƙugu ya zabura. Kunyoyi suka fito kamar sawun maciji.

Surukina ya ce, "Malam, makaɗan nan manoma suke wa kiɗa?"

Na ce, "A'a Baba, jama'a ke taruwa suna kaɗa kai."

"To koma gindin tsamiya ka kaɗa naka."

Kwana uku ina gyaran kunyoyi ni kaɗai. Jama'a, wa neman suna ya taɓa kayarwa a gaban surukai?