Sallamar da Baba Sale Ya Amsa a Makare

Ku da kuka kama aikin nan kwanan nan, akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba: ranar da Baba Sale, mai gadin tashar manyan motoci, ya shigo ofishinmu da hularsa a hannu.

Lokacin ni ne mai kula da dandalin intanet na ƙungiyar direbobi da 'yan kasuwar Zongon Lome. Sama da ni akwai sakatare, Alhaji Mamman, mutumin da doka ta fi masa tuwo daɗi. Aikina bai wuce share zagi da tallan maganin basir da raba masu faɗa ba. Babbar dokarmu ita ce, maganar da ta shekara ba a taɓa ta ba, kada kowa ya tono ta. Dalili kuwa, da an yi rubutu a ƙarƙashin tsohuwar magana sai ta hau sama kamar sabuwa. An taɓa tono wata mai cewa gada ta karye a hanyar arewa, direbobi suka ajiye motoci a banza, alhali an daɗe da gyara gadar. Tun daga nan duk wanda ya tono, sai in kulle maganar, in ce ya buɗe sabuwa.

Baba Sale bai san intanet ba, bai kuma iya boko ba. Wani direba ne ya ci karo da wata tsohuwar cigiya, ya karanta masa. Wata mata mai suna Hadiza ta rubuta daga Maraɗi shekaru da dama da suka wuce, ta yi wa mutanen Zongon Lome sallama, ta ce tana neman mahaifinta Sale, wanda ya tafi fataucin fata tana goye bai dawo ba. Ko mutum ɗaya bai tanka mata ba.

Baba Sale ya ce mini, "Ni ne, Malam Habu. Rubuta mata a ƙasan nan."

Na bayyana masa doka, na ce zan buɗe masa sabuwar magana da sunansa. Ya girgiza kai.

"A wannan ƙofar yarinyar ta yi sallama. Sai in zagaya wata ƙofar in amsa?"

Na kai maganar gaban Alhaji. Ya ce, yana jefa Faransanci kamar yadda ya saba, "Bon, doka doka ce. Ka ɗaga wa ɗaya ƙafa yau, gobe kowa ya tono kakarsa." Na ce masa ba taurin kan tsoho kaɗai ba ne. Sai an rubuta a ƙarƙashin cigiyar ne na'ura za ta aika wa Hadiza sanarwa ta imel, kuma ba mu da wata hanyar samunta. Alhaji ya leƙa waje, ya ga tsohon a takure kan benci. Ya ce, "Wannan kaɗai. Ka rubuta a sama cewa tsohuwar magana ce."

Abin da Baba Sale ya fara sa ni na rubuta shi ne, "Wa alaikumus salam, Hadiza." Sannan ya ce jarinsa ne ya karye, kunyar komawa hannu rabbana ta riƙe shi shekara guda, daga nan kunyar daɗewa ta riƙe shi sauran shekarun.

Shiru. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya zo ya zauna kusa da ni.

"Ta yi magana?"

"Tukuna, Baba."

"To, ai ni ma na daɗe. Rubuta."

Sai ya tambayi mahaifiyarta, ya tambaya ko ta yi aure, ya ba ta labarin teku da ciwon gwiwarsa. Da farko 'yan dandali sun yi ta ƙorafi, wai wannan cigiya ta hana su ganin farashin kaya. Daga baya suka daina, amma ba wanda ya sa baki. Shi kaɗai yake magana, ni ina bugawa. Ni ma baƙo ne a garin nan, ba ni da kowa. In ya tafi sai ofishin ya yi mini faɗi, kewar gida ta kama ni.

Cikin daminar shekara ta biyu ya rasu. Direbobi ne suka yi masa sutura. Da muka dawo daga maƙabarta na rubuta sanarwar a ƙarƙashin cigiyar, don ban san inda kuma zan kai ta ba. Alhaji ya ce yanzu kam in kulle. Na roƙe shi ya bari a yi sadakar bakwai.

Kafin bakwai ɗin sai ga layi biyu da sunan Hadiza: "Allah ya jiƙansa. Duk na karanta, tun ta farko. Ina ta cewa Juma'a mai zuwa zan amsa."



Dokar tana nan, kuma tana da amfani, ku riƙe ta. Amma kafin ku kulle tsohuwar magana, ku karanta ku ga wa ya yi ta, wa kuma ya zo amsawa. A wannan aiki shiru ba ya nufin babu kowa. Mutanenmu kan tsaya bayan ƙofa suna ji, nauyin baki ya hana su buɗewa har mai sallama ya wuce.