Shaidar da na kasa ba Yaya Sule

Bana shekara ashirin da shida ke nan da muka kai Yaya Sule makwancinsa a nan Makka. An yi masa salla a Harami tare da sauran gawawwakin la'asar, jama'a ba iyaka, amma waɗanda suka san wanda ke cikin likkafanin har suka raka shi kabari mu tara ne. Mutumin da a da fataken zabibi ba sa kwance kaya daga kan raƙumi sai an aika unguwarmu ta Hindawiyya an kira shi, shi ne ya tafi kamar baƙon da ya sauka jiya.

Ni ne ƙaninsa Isa, uwa ɗaya uba ɗaya. Iyayenmu Kanawa ne, sun zo ta Sudan a ƙasa, Yaya yana goye, ni kuwa a nan aka haife ni. Sana'ar gidanmu ruwan zabibi. Inabi daga duwatsun Ɗa'ifa yake zuwa, a shanya shi ya zama zabibi, mu jiƙa a randa, mu tace, mu sayar wa masu ƙishi. Sana'a ce mai sauƙi amma mai haɗari ɗaya: a zafin Makka, jiƙon da ya wuce lokacinsa yakan juya ya fara ƙarfi, halal ta koma abin da Allah ya hana. Ido ba ya saurin ganewa. Baki ne ke ganewa, kuma duk garin nan ba a yi baki irin na Yaya ba.

Yakan ɗebi kaɗan a moɗa, ya sansana, ya kurɓa, ya riƙe a baki kamar mai tunanin wata magana, sa'an nan ya tofar a gwangwanin da ba ya rabuwa da shi. Daga nan sai hukunci. Kowane yankin Ɗa'ifa ya san zabibinsa: na Shafa, in ji shi, yana da sanyi da ɗan tsami a ƙarshe. Na Liyya zaƙi ne zalla, ka sha yanzu, an jima ƙishi ya dawo. Na Hada fatarsa kauri gare ta, sai an yi haƙuri da jiƙonsa. Kuma bai iya lallashi ba. Na ji ya ce wa wani falke: "Wannan manomin rago ne, ya ɗura wa kurangarsa ruwa har ta manta aikinta." Wani kuma ya ce masa: "An shanya wannan a rufin da awaki ke kwana, khalas, kai wa awakin." Fatake su yi ta zaginsa, gobe su sake aikowa a kira shi. Ko a shekarun yaƙin duniya, da alhazai suka ragu kasuwa ta mutu, Yaya bai rasa mai kiransa ba.

Wani lokaci in na bi ta unguwar Aziziyya na ga shagunan da aka jera wa lemon kwalba kala-kala, sai in ce da Yaya zai kurɓi ɗaya, me zai ce? Ina jin zai nemi gwangwaninsa. Yanzu an rubuta wa mutum a jikin kwalba cewa inabi ne, shi kuwa ya yarda, domin ya iya karatu. Ba wanda ke tambayar daga wane kwari ya fito. Amma ba wannan ne ke cina ba. Sana'o'i suna mutuwa, ba tamu ce ta farko ba.

Bayan yaƙi da 'yan shekaru, lokacin da motoci suka fara ƙwace wa raƙuma hanyar Ɗa'ifa, wani babban attajiri ya shirya walimar auren ɗansa. Ba zan ambaci sunansa ba, jikokinsa suna nan kuma ba su yi mini komai ba. Ya sa aka jiƙa zabibin Shafa randa goma sha biyu. Sai manyan baƙinsa na Jidda suka makara, aka ɗaga walimar kwana biyu, ga shi tsakiyar zafi. Ranar da suka iso, bayan azahar, ya aika a kira Yaya. Ba don yana shakkar jiƙon ba, so yake a yaba masa a gaban baƙi. Ina wurin, domin rumfata a jikin bangon gidansa take, da izininsa nake zaune.

Yaya ya kurɓi randar farko ya tofar. Ya je ta biyu, ya je ta uku. Na ga fuskarsa, na sha jinin jikina. Ya matsa kusa da mai gidan ya yi masa magana a kunne, don ya rufa masa asiri. Mai gidan ya ce ya ɗaga murya kowa ya ji.

"Ya shekh, ya juya," in ji Yaya. "Ba ya halatta a ba mutane. A zubar."

Attajirin ya dubi baƙinsa, ya yi murmushi, ya ce da Larabci: "Ni da aka haifi kakana a garin nan ban san ɗanɗanon giya ba. Kai Takari, a ina ka san shi?"

Aka fashe da dariya, aka kawo gahawa maimakon jiƙon. Kafin magariba barorinsa sun tuntsurar da randunan nan duka a bayan gida, lungun ya kwana uku yana wari. Wato ya yarda da maganar Yaya sarai. Ya ɗauki shawarar, ya tsira da mutuncin walimarsa, ya bar wa Yaya tambayar a wuya.

Abin da ya fi mini ciwo, ba Larabawa ne suka yaɗa ta ba, mu ne. Cikin mako guda zancen ya zaga Hindawiyya: ashe shi ya sa yake da baki, ashe tofarwar nan ta idon mutane ce. Mutanen da suka sha jiƙonsa shekara da shekaru ba tare da fargaba ba, saboda sun san ya ɗanɗana, su ne suka fi kowa ƙawata labarin. Dattawanmu suka tsorata kada maganar ta kai ga hukuma a bi duk wani Bahaushe mai randa, sai suka kira zama a zauren babbansu. Yaya ya yi bayani: mahaifinmu ne ya koya masa, da jiƙon da aka bari da gangan ya lalace, a taɓa da harshe a tofar a kurkure baki, don mutum ya san abin da zai kare jama'a daga gare shi. Sai dattijon ya juyo kaina.

"Isa, kai ne ɗan'uwansa. Ka taɓa sanin ya sha?"

Na san amsar kamar yadda na san sunana. Amma na tuna rumfata da bangon da take jingine da shi, na tuna 'ya'yana uku, na san kuma duk abin da na faɗa zai isa gidan attajirin kafin isha'i. Na ce: "Ni dai ban taɓa gani ba, amma Allah ne masanin gaibu."

Ba ƙarya na yi ba, kuma na daɗe ina lallashin kaina da haka. A hanyar gida Yaya yana gaba ina baya. Sai da muka kai ƙofa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba: "Isa, shekara talatin muna sa hannu a kwano ɗaya. A wurinka ma gaibu ne?"

Ba a yi masa bulala ba, ba a yanke masa hukunci ba, ba a kuma wanke shi ba. Kira kawai aka daina yi. A masallacin unguwa mutane suka riƙa barin ɗan fili tsakaninsu da shi a sahu. Ya ajiye moɗa ya ɗauki garwa biyu a sanda yana kai ruwa gidaje, yana da shekara hamsin da wani abu, a kan hawan unguwannin Makka. Bai sake sa zabibi a bakinsa ba. Shekara huɗu ya yi a haka, ciwon ƙirji ya kama shi, shi ne ajalinsa. Ina zuwa gaishe shi, ya karɓe ni da fara'a, ya tambayi yara, bai taɓa tayar da maganar ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Rumfar da na saya da mutuncinsa kuwa, an rushe ta tare da bangon lokacin da aka faɗaɗa hanya.

To me ya rage na Yaya Sule? Iliminsa ya tafi da shi, domin bayan abin da ya faru ba uban da zai kai ɗansa ya koya. Na yi zaton aƙalla ƙazafin ma ya mutu tare da masu yinsa. Watan jiya jikarsa Maryam, wadda aka haifa bayan rasuwarsa, ta zo gaishe ni daga unguwar Kudai. Hausarta ta yi ƙaranci, rabi da Larabci ta yi tambayar. Wata tsohuwa ce ta gaya mata a wurin biki.

"Kaka, sahih ne wai kakana mashayi ne?"

Na ce mata ƙarya ne. Na rantse mata cewa ko ɗigo bai taɓa wuce maƙogwaronsa ba, kuma shi ne ya hana ɗaruruwan mutane sha a rana ɗaya. Sai ta ce: "To lesh, don me ba wanda ya faɗi haka a lokacin?"

Na ce mata shayinta zai huce. Ta sha, ta tafi.

Maryam, in an karanta miki wannan, ga amsarki. An tambayi mutum ɗaya a gaban dattawa, kakanki yana zaune yana kallonsa. Ni ne.