Sai Ruwa Ya Dawo

Mahaifina Manasseh ɗan kan dutse ne, mutumin Kagoro, ko iyo bai iya ba. Shi ne gwamnati ta ga dama ta tura aikin allurar rigakafi yankin da yanzu ake kira Bayelsa, inda hanya ruwa ce, kasuwa ruwa, makwabci ma sai da kwale-kwale. Ranar farko ya yi amai a jirgi. Budurwar da ke tuƙi ta yi masa dariya har ta kusa sakin filafili. Ita ce Justina, mahaifiyata.

Ita ta koya masa garin. Rafuffukan can da teku suke numfashi: ruwa ya janye ya bar laka da saiwoyi tsirara, an jima ya ciko. Wanda ya fita kasuwa ba ya komowa sai ruwan ya komo. Shi ya sa ba sa sallama da "sai an jima". Da 'yar Hausar da ta tsinta a bakinsa takan ce, "Sai ruwa ya dawo." Har a Ardwick, can ƙasar Turawa inda suka tsufa, in za ta sayo kifi haka take faɗa a bakin ƙofa. Ranar da motar asibiti ta ɗauke ta ma haka ta ce masa, tana murmushi.

Bayan jana'iza na ɗauko shi zuwa wurina a Aston, unguwarmu a Birmingham. Mantuwa ta riga ta fara cinsa. Da farko akwai gidan da tsofaffi ke wuni, ana shayi ana hira, har yakan sake. Sai council, hukumar garin, ta ce babu kuɗi, ta rufe. Haushin wannan har yau bai sake ni ba.

Daga nan ya gano canal ɗin bayan gidanmu, magudanar da aka haƙa wa jiragen kaya tun zamanin da. Kullum yana kan benci yana duban layin ruwa a jikin bangon canal ɗin.

"Baba, me kake kallo?"

"Mamarki ta tafi kasuwa. Ruwan nan ya yi delay."

Yaya zan gaya masa ruwan Birmingham ba ya zuwa ko'ina? Na bar shi a haka. Tunda ruwan ba ya motsi, Mama tana kasuwa, shi kuma yana cin abincinsa lafiya.

Wata shekara masu gyara suka tare wani sashe suka kwashe ruwan. Laka ta fito, da tsofaffin kekuna. Baba ya shigo gida yana rawar jiki kamar ango. "Raki, ya janye! Ki yi mini ironing rigar coci."

Duk kwanakin gyaran da rigar yake fita. Ranar da suka saki ruwan ina tsaye kusa da shi. Ya miƙe, ya cire hula, yana leƙen kwanar gada. Ruwa ya hau, ya rufe lakar, ya kai tsohon layinsa, ya tsaya. Agwagwa biyu suka wuce.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juyo ya dube ni da idon da na rabu da gani, idon mai cikakken hankali, kuma wallahi na so a ce mantuwar ce.

"Raki," ya ce, "ruwa ya dawo."

"E, Baba."

Ya mayar da hularsa. "Mu je gida. Justina ba ta taɓa bari ruwa ya riga ta ba."

Bai ƙara tambayar hanyar canal ba.