Malamar da Ke Cire 'Yan Kunne

Gyaran ƙofa ya kawo kafinta makarantar ranar da aka dawo hutu, amma hankalinsa yana kan malamar ajin yara masu buƙata ta musamman. Doguwa ce, ta doshi hamsin. A bakin aji ta cire 'yan kunnenta ta jefa a jaka. Kunnenta na hagu a tsage yake, tsohon tabo. Ransa ya ba shi cewa wani ɗan hannu ne ya fizge, kuma washegari ta dawo aiki.

Wata yarinya tana ƙarƙashin tebur, tana ihu tana cizon hannunta. Malamar ba ta jawo ta ba, sai ta zauna a ƙasa kusa da ita.

"Malam, don Allah ajiye gudumar nan tukuna."

"Har yaushe, Malama?"

"Wancan zangon sai da ta yi sati shida kafin ta hau kujera. Hutu ya mayar da mu baya."

Ya ajiye gudumar, shi da ke daka wa 'ya'yansa tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba. Can sai ga 'yan yatsu sun fito, suna laluben kunnen nan mai tabo. Malamar ba ta kauce ba, sai ma ta ƙara sunkuyawa.