Shekarar da Tsoho Ya Yanke Kiran Mazan Jiya

Har yau in na bi ta wurin majema na ji warin fatar da aka jiƙa, sai gabana ya faɗi. Jikokina su toshe hanci su wuce, ni kuwa in tsaya sororo. Warin gidanmu ke nan a shekarar da aka yi wasan garkuwa na ƙarshe, ina 'yar yarinya ko zane ban iya ɗaurawa da kyau ba.

Ƙauyenmu yana bakin gulbi, tsakanin Jega da Maiyama. Kakanninmu mutanen ruwa ne, a cikin jirgi suke zuwa yaƙi, kuma kowane gida da garkuwar kakansa rataye a zaure. In gero ya shiga rumbu sai a fito da su fili, kowane namiji ya ɗaga ta gidansu, a kira sunayen mazan jiya da kirarinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba a faɗin sunayen nan a ɗaki ko a wurin hira, sai a fili, garkuwoyi na tsaye. Wanda zai gaji kiran yakan tsaya kusa da mai kira ya ji da kunnensa. Kakana na wajen uba, wanda muke ce wa Tsoho, shi kaɗai ya rage da ya san su duka.

Da Nasara suka zo aka karɓe takubba da kwari da baka, wasa ya kwanta shekara da shekaru. Tsoho kuwa ido ya tafi, ga tari ba ya barinsa. Wata safiya na ji ya ce wa Baba, "In ba ka ji sunayen nan bana ba, da ni za a rufe su."

To, sai gari ya tashi. Ba wanda aka sa, ba wanda aka biya. Dukawa suka jiƙa garkuwoyin da suka ƙandare, suka yi ta ɗinki a tsakar gidanmu. Masassaƙi ya fere takubban icce, tunda na ƙarfe sun tafi. Samari suka jawo wani tsohon jirgi daga cikin laka suka kawo shi fili, rabinsa ya ruɓe, suna ta dariya wai ko kwaɗo ba zai yarda ya hau ba. Matan Fulani suka yi alkawarin nono, Inna da Gwaggo suka yi ta daka har hannu ya yi kanta. Ban taɓa ganin mutanenmu da fara'a irin ta kwanakin nan ba.

Amma a lokacin ana kamun maza aikin dako da gyaran hanyar Nasara. In aka ji dogarai na tafe, samari kan watse cikin fadama, a tarar da tsofaffi da awaki. Shi ya sa da Inna ta ji za a yi shela a kasuwar Jega, ta ajiye taɓarya ta ce, "Ku tara mazan ƙauyukka wuri guda, kuma ku hwaɗi ranar cikin kasuwa? Mi ya same ku?" Tsoho ya ce ba a yi wa mazan jiya biki a ɓoye kamar na ɓarayi. Aka yi shelar. Har Sarandosa da Kuberi labari ya kai.

Ranar, da hantsi, fili ya cika. Maza suka jeru gaban jirgi, Baba na riƙe da hannun Tsoho don kada ya faɗi. Ku sani, a al'adarmu wanda ya ɗaga garkuwa ba ya gusar da ƙafa sai mai kira ya ce an sallame ku. Wanda ya motsa ya kunyata kakansa har abada. Tsoho ya buɗe baki, wallahi muryar da ta fito ba ta mai tari ba ce. Kowane suna ya kira, mata su rangaɗa guɗa.

Muna cikin haka guɗa ta ɗauke. Dogarai ne suka fito ta bayan kuka da igiyoyi a kafaɗa, da masinjan Nasara a gabansu. Ko sauri ba sa yi. Inna ta ƙwala ihu, "Ku gudu! Ku gudu mana!" Ba wanda ya ɗaga ƙafa. Ina kallon ƙanen Inna, hawaye na zuba, yana tsaye riƙe da garkuwa. Tsoho ba ya gani, yana ta kira, har Gwaggo ta kutsa cikin maza ta ce wa mahaifin nata, "Baba, dogarai!"

Tsoho ya katse kiran. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Sun ƙare. An sallame ku." Ko rabi bai kai ba, kowa ya sani.

Wasu sun tsira cikin fadama. Baba bai saki hannun Tsoho ba, a nan aka sa masa igiya.

Bayan haka na yi ta roƙon Tsoho ya faɗa wa ko Gwaggo ce sauran a ɗaki. Ya ce ba a yi. Allah ya jiƙansa, amma har gobe ina jin haushinsa. Damina ba ta ƙare ba ya rasu. Baba ya dawo da rani ƙafafu a kumbure, da 'yan sunayen da ya ji sau ɗaya, su ma a cakuɗe. Bai ƙara taɓa garkuwa ba, gara ta cinye ta a zaure.

Yanzu gulbin ma ya janye, filin ya zama gonar albasa. Bara wasu malaman makaranta suka zo, wai za su raya wasan, an ce musu ni na fi kowa tsufa. Yaran kirki ne, har da goronsu. Na faɗa musu abin da kunnena ya kama daga bayan mata, a zaune, a cikin ɗaki. Ban daɗe da farawa ba na tsaya. Babbansu ya ɗago kai ya ce, "Sai wa kuma, Kaka?"

Na ce masa, "Sai dogarai, ɗana."