Kitson Hagu

In kana neman mutumin nan da ke raba burodi a shaguna da 'yar farar mota mai tari kafin ta tashi, kada ka wahalar da kanka da sunansa na yanka, ba wanda ya riƙe shi. Ka ce In-na-dawo, kowa zai nuna maka ƙofarsa. Ɗakinsa na kallon nawa a gidan hayar da muke zaune, igiyar shanya ɗaya muke rabawa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi. Ni kitso ne sana'ata, tun ba a haifi matar da ya aura ba nake riƙe da tsinke.

Sunan nan bakinsa ne ya ja masa. A da direban babbar mota ne, irin masu yin makonni a hanya. Matarsa ta ce rufi na yoyo, ya ce in na dawo. Ta ce ya kamata su je gaida yayarta, ya ce in na dawo. Ta ce yarinya na son ya raka ta makaranta ko sau ɗaya, in na dawo. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Ba ya zagi, ba ya tsawa, kuma bai taɓa shigowa hannu rabbana ba. Sai dai duk rayuwarsa ya rataye ta a kan rana guda, ranar da zai mallaki motar kansa. Ranar ce za a gyara rufi, ranar ce za su bar haya, ranar ce zai sha shayi da iyalinsa ba tare da takalmi a ƙafa ba. Ni kuwa ba na raga masa. Da ya shigo sai in ce, "Maraba da baƙonmu mai biyan haya." Ya yi dariya, ya ce, "Iya ke nan," ya ajiye min lemo a bakin ƙofa.

Matar shiru-shiru ce, ba ruwanta da hayaniyar tsakar gida. 'Yarsu ɗaya, muna ce mata Zabuwa, don ba ta zama wuri guda, in ka miƙa hannu ta riga ta kai bakin famfo. Uwar ce kaɗai ke iya zaunar da ita. Duk ƙarshen mako za ta fito da kujera 'yar tsugune, ta sa yarinyar tsakanin gwiwoyinta, ta yi mata kitso da kanta. Ga ni nan a gabanta da sana'ata, amma ko sau ɗaya ba ta kawo min kan 'yar nan ba.

Ciwon bai ɗauki lokaci ba. Zazzaɓi ne ta ce ba komai, kafin mu farga abin ya fi ƙarfin gida, a asibiti ma ba ta daɗe ba. An kira shi yana can nesa da kayan mutane a bayan mota. Ko da ya iso, an riga an kai ta makwancinta. Ya tsaya a bakin ƙofarsu da ledar tsaraba a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta. Na ji tausayinsa har cikin raina, na kuma ji haushinsa, duka a lokaci guda.

Masu ta'aziyya suka watse, gida ya koma yadda yake, sai wata matsala ta fito daga inda ba a zata ba. Kitson da ke kan Zabuwa shi ne na ƙarshe da uwarta ta yi mata kafin ta kwanta. Ya tsufa, ya tashi, ya fara cukurkuɗewa. Na kira ta, na ce, "Zo nan 'yar gidana, in tsefe miki." Yarinyar nan ta ɗora hannu biyu a ka, ta ƙwalla ƙara.

"Na Mama ne! Kar ki taɓa min!"

Na yi lallashi, na yi alewa, na yi barazana, duk a banza. Ko wanka ake mata ba ta yarda ruwa ya hau kan. Uban kuwa ya zama kamar wanda aka ajiye a tasha aka manta da shi. Ya dafa shinkafa ta caɓe, ya wanke kayan makaranta ya haɗa fari da mai zuba.

Ana haka yayar marigayiya ta zo. Mace ce mai kirki, amma ba ta tauna magana kafin ta fitar. Ta dubi kan yarinyar, ta dube shi.

"Dubi kan 'yar ƙanwata, don Allah. Kai kana hanya, wa zai riƙe ta? Ƙarshen wata zan zo in tafi da ita. Kan nan kuma in aski ne a yi mata, kowa ya huta."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya." Ni ma a zuciyata na bi bayanta, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ga shi kuma mai motar da yake yi wa aiki ya dame shi da waya, har ya yi masa albishir da abin da ya daɗe yana jira: zai ba shi mota ya riƙa aiki da ita har ta zama tasa. Magana ta daidaita ke nan. Yarinya ta tafi wurin Antinta, shi ya koma hanya.

Sai wata safiya na gan shi tsugune a bakin ƙofata.

"Iya, in aka tsefe kitson nan, za ki iya mayar da shi yadda yake? Zabuwa ta ce za ta yarda, in dai za a mayar mata da na Mama. Daidai fa, ba mai kama ba."

"Ni kake tambaya?" na ce. "Kitson da ko makaho zai yi?"

Ranar wata mata ta kawo 'yarta kitso, na zauna na yi mata irinsa sak, layi ya bi layi, tsaga ta bi tsaga. Aka kira Zabuwa ta gani. Ta zagaya yarinyar, ta shafa da ɗan yatsa, ta taɓa nata, ta ce, "Ba shi ba ne." Ta juya ta yi tafiyarta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi kuwa ya bari sai da ta zauna cin abinci, ya tsaya a bayanta yana ƙare wa kan kallo, yadda na sha ganinsa yana duba igiyar ɗaurin kaya kafin tafiya.

"Iya, zo ki gani. Naki ya kwanta ta dama. Wannan ta hagu ya kwanta. Igiya ma haka take, kowace da inda aka murɗa ta."

Na matso na duba. Gaskiyarsa ne. Ban taɓa lura ba, don ni ba na kallon kitson da ba a biya ni ba.

"Ashe bahaguwa ce," na ce.

"Wa? Ai da dama take cin abinci."

"Cin abinci an koya mata tun tana ƙarama. Amma aikin da hannu ke yi don so, ba ya ƙarya."

Mutumin nan ya sulale ya zauna a ƙasa, a nan tsakar gida, kusa da bokitin wanke-wanke. Ya ce, "Duk shekarun nan, Iya. Na san kukan kowace giya a motar wani, ban san hannun matata ba." Sai hawaye. Bai yi kuka ranar da ya iso ba, sai ranar nan. Na juya na shiga gyara itacen da bai buƙaci gyara ba, don nima idona ya cika.

Na gwada yin kitson da hagu, na kasa. Hannuna ya tsufa a dama, da na fara sai ya koma hanyarsa. Na gaya masa gaskiya. Ya dubi tafin hannunsa, faffaɗa, duk kanta, ya ce, "Ni nawa bai san ko ɗaya ba. Ki koya min da hagun."

Na yi dariya har da tari. Da na ga ba wasa yake ba, na ce ya kawo igiya. Ya warware wata tsohuwar igiyar tamfol, muka ɗaure a ƙarfen taga. Na zauna ina fuskantarsa kamar madubi, abin da damata ta yi, hagunsa ya yi. Labari kuwa ba ya kwana a gidan haya. In ya fita, mazan da ke zama wurin mai shayi su ce, "Hajiya, nawa ne kitso? Akwai ragi?" Ya ce musu, "Ku kawo gashin tukuna," don yawancinsu sanƙo ya gama da su.

Da igiya ta ƙare masa, na ga ba makawa, na cire ɗankwali na ba shi kaina. Ni da na yi wa mata kitso har jikokinsu, ga ni zaune a gaban direba. Jan farko da ya yi sai da na ga taurari da rana tsaka.

"Kai! Kan mutum ne, ba buhun siminti ba!"

"Yi haƙuri, Iya. Na saba kada kaya su zube a hanya."

"To wannan kayan ba inda za su. Sassauta."

Yana cikin kaina wata rana wayarsa ta yi ƙara. Ya maƙale ta da kafaɗa, bai saki gashin ba. Na ji ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode, Allah ya saka da alheri. Amma ka ba wani. A'a, lafiyata lau. Aiki ne a hannuna." Da ya ajiye na ce, "Ka san abin da ka yar kuwa?"

"Na sani, Iya. Motar nan don su biyu nake nemanta. Ɗaya ta tafi ina can ina nema. In na bar ɗayar ma ta tafi, na dawo wurin wa?"

Na ce dai layin da yake yi ya karkace. Cikin makon ya samo aikin motar burodi, wadda in aka jera ta da tsohuwar motarsa kamar akuya ce a gindin raƙumi. Amma kafin azahar yana gida.

Ranar da Antin za ta zo, da sassafe ya fito da kujerar matarsa ya ajiye a inda take ajiye ta. Zabuwa ta zo da kanta ta zauna tsakanin gwiwoyinsa. Dabarar da ya yi ba ni na koya masa ba. Bai tsefe kan gaba ɗaya ba. Ya tsefe layi ɗaya, ya goge, ya shafa mai, ya taje a hankali, ya mayar da shi, sannan ya taɓa na gaba. Ya ce ba ya so a sami lokacin da za ta shafa kanta ta ji babu Mama ko kaɗan. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ni ina gefe ina miƙa mataji, bakina na ƙaiƙayi. Da ya zo layi na ƙarshe, na bayan kunne, yarinyar ta riƙe masa hannu.

"Baba, a bar wannan."

Ya bar shi.

Antin ta iso da babbar jaka wadda za ta zuba kayan yarinya a ciki. Ta tsaya, ta kira Zabuwa, ta juya kanta hagu da dama. Kitson dai kitson ɗan koyo ne, wani layi ƙato, wani siriri, tsagar kamar hanyar tururuwa.

"Wane ne ya yi wannan aika-aika?"

"Baba ne."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai yatsanta ya bi layi ɗaya, ya bi na biyu, ya tsaya a kan tsohon layin nan na bayan kunne.

"Haka take min muna yara," ta ce. "Kullum sai ya kwanta ta hagu, in yi ta mita." Ta share ido da gefen mayafi, ta dube shi. "Ya yi muni fa, ka sani."

"Na sani, Yaya."

"Amma hannunta ne."

Ta ci abinci da mu, ta duba farce da kunnen yarinya, ta yi masa faɗa a kan yadda yake wanki, ta ce za ta riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba, ya shiga taitayinsa. Da yamma ta ɗauki jakarta yadda ta zo da ita, ba komai a ciki.

Yanzu rufin ɗakin ba ya yoyo, shi ya hau da kansa ya gyara. Motar kansa kuwa ya daina zancenta, in an tuna masa sai ya ce Allah ya ba mai rabo. Sunan ne dai ya ƙi barinsa.

Tsohon layin nan ya daɗe a bayan kunnen Zabuwa, ana wanke kai ana kewaye shi. Ba wanda ya ce mata komai. Wata rana ya fito da makullin mota a hannu, zai kai burodi shaguna, sai ga ta da tsinke ta tsaya a gabansa.

"Baba, tsefe min wannan ma. Ka iya yanzu."

Ya dubi makulli, ya dubi ƙofar gida. Na ji bakinsa ya fara, "To, in na..." Ina daga ƙofata na ajiye abin da ke hannuna. Bai ƙarasa ba. Ya sa makullin a aljihu, ya jawo kujerar da ƙafa, ya ce, "Zo ki zauna."

Ranar masu shaguna sun jira burodi.